Zafin fitsari a Garu: ƙwayar da ke rufe wa ciwo baki

Tun watan Fabrairun 2017, lokacin da 'yan sanda suka afka wa kasuwar magani ta Adjégounlè a cikin Dantokpa, hukumomin Benin ke yaƙi da sayar da magani a bakin titi. A 2018 kotu a Kwatano ta ɗaure wasu manyan dillalan magani shekara huɗu-huɗu. Sai dai a nan Garu, fiye da kilomita 700 daga Kwatano, in fitsari ya fara yi wa mutum zafi, har yau mai tebur yake fara nema kafin ya tuna da gidan likita. Ni a ganina, ko maganin na jabu ne ko na gaskiya, babbar matsalar ita ce ana shan sa ba a san abin da ake yi wa magani ba.

Zafin fitsari alama ce, kuma sanadinsa ya bambanta. Ga mace, sau da yawa ƙwayoyin cuta ne suka shiga mafitsara. Ga saurayi, yana iya zama ciwon sanyi. Ga dattijo, tsakuwa ko toshewar hanyar fitsari. Ga yaranmu kuwa, da ke wanka a kogin Kwara da tafkuna, suke taya iyaye aiki a gonakin shinkafa, abin da ya kamata a fara zargi shi ne tsargiya. Tsutsar da ke kawo ta tana girma a jikin katantanwar ruwa, ta huda fatar mai wanka, daga baya ƙwanta ya maƙale a bangon mafitsara. Shi ke sa jini ya biyo ƙarshen fitsari. A ajina, in yaro yana yawan neman izinin zagayawa kuma ya dawo yana ɗaure fuska, nakan kira mahaifinsa.

To, me magungunan rage zafin suke yi? Parasitamol yana kwantar da raɗaɗi da zazzaɓi. Spasfon yana sassauta murɗa. Ibuprofen da diklofenak suna rage kumburi, amma in aka daɗe a kansu suna lahanta ciki da ƙoda, musamman ga wanda ke aiki cikin rana ba ya shan ruwa sosai, kuma ba na mai tsohon ciki ba ne. Akwai kuma fenazopiridin, wanda ke kwantar da zafin hanyar fitsari kai tsaye. Ƙa'idarsa, in an haɗa shi da maganin kashe ƙwayar cuta, kada a wuce kwana 2, kuma ba a ba mai ciwon ƙoda. Yana rina fitsari ya koma ja-ja, ya bar tabo a wando. A garin da fitsarin jini ya zama ruwan dare, wannan launi kaɗai ya isa ya ruɗa uwa: ko ta firgita a banza, ko ta ɗauka jinin gaske launin magani ne.

Duk cikinsu babu wanda ke kashe tsutsa ko ƙwayar cuta. An kashe maciji ne ba a sare kai ba. Ƙwayar cutar da aka bari tana iya hawa ƙoda. Tsargiyar da ta shekara tana rage wa yaro jini, ta dushe masa karatu, ta lalata mafitsara, a ƙarshe ma tana iya kai wa ga ciwon daji. Ga 'yan mata, tana taɓa al'aura da mahaifa, har a yi musu zargin abin da ba su aikata ba.

Alhali maganinta sananne ne: firazikwantel, miligiram 40 a kan kowane kilo na nauyin jiki, a sha bayan an ci abinci. Lokacin rabo a makarantu, da sandar awon tsayi ake ƙayyade adadin ƙwayoyin. Hukumar Lafiya ta Duniya na son kafin 2030 tsargiya ta daina zama barazana ga lafiyar al'umma. Amma rabon makaranta ba ya kai wa ga yaron da ke kiwo ko su, ko almajirin makarantar allo, sai an bi su inda suke.

A nan ne ilimin majo, wato babban ma'aikacin jinya, yake da muhimmanci, tunda a ƙauye shi ne likitan. Kafin ya rubuta maganin zafi, sai ya yi tambaya: akwai jini? Akwai zazzaɓi ko ciwon kwiɓi? Akwai juna biyu? Me aka riga aka sha? Ɗan tsinken gwajin fitsari yana nuna jinin da ido bai gani ba cikin minti biyu. In akwai zazzaɓi mai zafi da amai, ko fitsarin ya tsaya cak, sai a tura mara lafiya asibitin yankin Malanville da Karimama ba tare da jinkiri ba.

Saboda haka ina kira ga hukumomin lafiya na Alibori da su wadata ƙananan gidajen likita da tsinken gwaji da firazikwantel duk shekara, ba sai ranar rabo ba. Malamanmu na masallaci su ma su sa baki: fitsarin jini cuta ce, ba alamar balaga ba, kuma mai larura ba ya jin kunyar likita. Iyaye kuma, in za ku kai yaro gidan likita, ku tafi da kwalin abin da ya riga ya sha. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.