Ku Daina Cusa Giɓin Lissafi a Layin "Sauransu"

Akantocin kamfanoni, sakacin nan ya isa haka. Sai ku shafe makonni kuna ƙawata lissafin riba da asara, amma bayanin shige da ficen kuɗi sai ana gobe masu bincike za su zo kuke tunawa da shi, ku harhaɗa shi cikin dare. In jimilla ta ƙi yin daidai da abin da ke banki, maimakon ku koma ku nemo inda aka yi tuntuɓe, sai ku buɗe layi ku rubuta "sauransu", ku cusa bambancin a ciki. Wannan ha'inci ne, ba shi da wani suna.

Kun fi kowa sanin cewa ana rubuta riba tun kafin kobo ya shigo. An ba dila kaya bashi, an shigar a matsayin ciniki, alhali albashin ma'aikata da kuɗin man janareto ba a biyan su da alkawarin dila. Shi ya sa ƙa'idar IAS 7 ta raba bayanin gida uku: harkar yau da kullum, saye da sayar da kadarori, sai rance da hannun jari. In daga riba kuka faro, ku mayar da raguwar darajar injuna tunda ba kuɗi ne ya fita ba, ku cire ƙaruwar bashin da ake bin abokan ciniki da ta kayan da ke jibge a sito. Kowane layi akwai takardar da ke tsaya masa. Ina takardar "sauransu"?

Abin da ya fi wannan muni shi ne sauya wa adadi gida da gangan. Kamfanin WorldCom na Amurka ya ɗauki kuɗin hayar layukan waya, kimanin dala biliyan 3.8, wanda kashewar yau da kullum ce, ya rubuta shi a matsayin sayen kadara. Harkar kamfanin ta yi kamar tana zubo da kuɗi. A 2002 asiri ya tonu, kamfanin ya durƙushe, daga baya aka yanke wa shugabansa Bernard Ebbers hukuncin ɗaurin shekara 25, dubban ma'aikata suka rasa abinci.

Mai ɗan hannun jari da bankin da ya ba ku rance bayanin shige da ficen kuɗi suke dubawa su san ko za a biya su. In bambancin naira dubu ne, ku kwana kuna neman sa kafin ku sa hannu.