Madatsar Kafin Zaki: A Jera Dukkan Hanyoyi a Auna Tukuna

Da wuya kakar zaɓe ta zo ta wuce a Jihar Bauchi ba a ɗauki alkawarin kammala madatsar ruwa ta Kafin Zaki ba. An fara aikin a kan kogin Jama'are, cikin ƙaramar hukumar Ningi, aka dakatar a shekarun 1980. Aka koma a farkon shekarun 1990, aka sake ajiyewa. Da aka sake taso da batun a 2008, Yobe da Borno suka ce sam ba su yarda ba. Madatsar da aka tsara za ta riƙe ruwa kimanin kyubik mita biliyan 2.7, wato ta fi ta Tiga girma.

Mutanen Bauchi na da hujjarsu. Suna ganin ruwa yana wuce su kowace damina, ga matasa zaune ba aiki, ga Kano can tana noman shinkafa da tumatir rani da damina. Amma shekara da shekaru tambaya ɗaya ake maimaitawa: a gina ko kada a gina? Wannan jarida na ganin tambayar ta yi ƙunci. Abin da ya kamata a tambaya shi ne, hanyoyi nawa ake da su na cin moriyar ruwan nan, kuma wacce ce ta fi amfanar jama'a tun daga Ningi har bakin Tafkin Chadi?

Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Kogin Haɗejiya, wanda ke haɗuwa da na Jama'are su zama kogin Yobe, an riga an datse shi. Gwamnatin Audu Bako ta gina Tiga, aka kammala a 1974. Ta Challawa da ke Ƙaraye ta biyo baya a 1992. Ba mai musun alherin da suka kawo. Kura da Kadawa da Bunkure da Garun Malam sun zama rumbun abinci, birnin Kano kuma da ruwan yake sha. Sai dai ba a sa mutanen ƙasan kogi cikin lissafi ba. A da, ambaliyar damina kan shimfiɗu a fadamun Haɗejiya da Nguru, manomi ya shuka shinkafa, ruwa ya janye ya bi danshi ya shuka wake da kayan lambu, masunta su kama kifi, makiyaya su sauko da shanu da rani, rijiyoyi su cika. Da madatsun suka zo, ga kuma farin shekarun 1970 da 1980, ambaliyar ta ragu ƙwarai.

Abin da ya biyo baya ya fi muni. Ruwan da ake saki daga madatsun ya sa kogin da a da yake ƙafewa da rani ya koma yana gudana duk shekara, kaɗan-kaɗan. Irin wannan ruwa kachala ke so. Ciyawar ta toshe hanyoyin ruwa, ta karkatar da mafi yawansa zuwa mashigar Marma ta wajen Nguru, inda gonaki da ƙauyuka suka riƙa nutsewa, a daidai lokacin da wasu rassan kogin suka bushe. Tsuntsayen jan-baki kuma suka samu maɓoya, suna fitowa suna cinye gero da shinkafa. Yau ruwan da ke isa Gashuwa da Gaidam, har zuwa gonakin tattasai na jihar Diffa a Nijar, mafi yawansa na Jama'are ne, kogin da ake son datsewa.

Ba yau aka fara auna waɗannan abubuwa ba, kuma nan ne abin takaicin yake. A farkon shekarun 1990, masanin tattalin arziki Edward Barbier da abokan aikinsa sun lissafa abin da fadamun ke bayarwa ta fuskar noma da su da itacen girki. Suka gano kowane kyubik mita 1,000 na ruwa yana samar da ribar da ta kai dala 32 a fadama, alhali a aikin noman rani na kogin Kano ribar ba ta kai ko dala ɗaya ba. A 1998 Barbier da Julian Thompson suka jera tsare-tsare daban-daban, da Kafin Zaki da kuma ba ita, da sakin ruwa da kuma riƙe shi, suka gwada. A kowane tsari, ribar sabon noman rani ba ta rufe asarar da fadamun za su yi ba. Asarar ta fi sauƙi idan ana sakin ruwa da yawa lokacin damina, a kwaikwayi ambaliyar asali.

Gaskiya alƙaluman sun tsufa. Noman Kano ya bunƙasa, an gyara magudanan ruwa da rancen Bankin Duniya ƙarƙashin shirin TRIMING, farashin shinkafa ya sauya, jama'a sun ninka. Wannan dalili ne na sake lissafin, ba na jefar da shi ba.

Hanyoyin kuwa suna nan. Ana iya gina madatsar a rage girmanta, a yi mata ƙofofin da za su iya sakin ruwa mai yawa a lokaci guda, abin da Tiga ke da ƙarancinsa. Ana iya barin kogin yadda yake, a zuba kuɗin cikin rijiyoyin burtsatse marasa zurfi da injinan ban-ruwa, waɗanda shirin Fadama ya nuna tun shekarun 1990 cewa ƙaramin manomi na iya riƙe su da kansa. Kwarin Jama'are na da ruwa kusa da doron ƙasa, kuma ambaliyar ce ke cika shi. Akwai kuma aikin da ba ya jan hankalin 'yan siyasa domin ba a yanka masa zare a gaban kyamara: gyara tsarin sakin ruwan Tiga da Challawa, yashe hanyoyin da kachala ta toshe, da toshe fasassun bututun birane. Kowace hanya a rubuta kuɗinta, da wanda zai ci riba, da wanda zai yi asara, har da kuɗin kula da ita bayan an gama. Fashewar madatsar Alau a Satumban 2024, da ta shafe sassan Maiduguri, ta nuna abin da sakaci da kulawa ke jawowa.

Wurin yin wannan aiki ma akwai shi. A 2006 gwamnonin Kano, Jigawa, Bauchi, Yobe, Borno da Filato sun amince a Damaturu da tsarin kula da kwarin kogunan Haɗejiya, Jama'are da Yobe baki ɗaya, aka kafa asusu na musamman domin haka. Ma'aikatar Albarkatun Ruwa ta Tarayya da Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are su farfaɗo da wannan zama, su gayyato wakilan Nijar, su gyara ma'aunan ruwan da ke bakin koguna domin a yi muhawara da alƙaluma na yanzu. A buga sakamakon da Hausa da Kanuri da Fulfulde, a karanta shi a rediyo, a saurari sarakunan ruwa da arɗo-arɗo da ƙungiyoyin manoma na Katagum da Nguru da Gashuwa, kafin Majalisar Tarayya ta sake ware wa Kafin Zaki ko kwabo a kasafin kuɗi.