Mu sa makarantunmu cikin taswira da hannunmu

Duk malamin da aka taɓa yi wa canjin wurin aiki zuwa ƙauye a ƙasar Anka, Gummi ko Bukkuyum ya san yadda ake neman makaranta a yankin nan. Takarda ta ba ka suna, sauran bayani kuwa sai wurin 'yan kabu-kabu a tasha. In ka buɗe taswirar waya, za ka ga babbar hanya da ƙalilan daga cikin garuruwa, tungaye da yawa kuwa babu ko alamarsu. Ra'ayinmu shi ne gyaran wannan giɓi aikin malamai ne, kuma ya kamata reshenmu ya ɗauke shi.

Akwai taswirar duniya da ake kira OpenStreetMap, wadda wani Bature, Steve Coast, ya kafa a Ingila a 2004. Kowa na iya ƙara mata abin da ya sani, kowa na iya ɗauka kyauta. Amfaninta ya fito fili a 2010, lokacin girgizar ƙasar Haiti, da 'yan sa-kai daga ƙasashe da dama suka zana titunan Port-au-Prince cikin kwanaki don masu ceto su sami hanya. A wannan shekarar ce mu ma aka gano gubar dalma a nan gida. Likitocin MSF suka tarar yara suna mutuwa a ƙauyukan da ake sarrafa dutsen zinariya, aka rasa fiye da yara 400. Dareta, Abare da Bagega a Anka, 'Yargalma da Tungar Guru a Bukkuyum, duniya ba ta ji sunayensu ba sai da aka yi ta binne 'ya'yanmu. Ma'aikacin agaji a irin wannan hali yana son sanin ina ƙauyen yake, wace hanya mota ke bi, ina rijiya, ina asibiti mafi kusa. MSF ɗin nan tana cikin ƙungiyoyin da suka kafa shirin Missing Maps a 2014, don zana wuraren da taswira ta manta da su.

Ba daga farko za mu fara ba. Yaƙi da cutar shan inna ya sa an bi ƙauyukan Arewa an ɗauki matsayinsu da na'ura, kuma shirin GRID3 ya tattara bayanan matsugunai da asibitoci da makarantun Nijeriya. Ana iya kwashe irin wannan tarin bayanai a zuba shi cikin taswira a lokaci guda. Sai dai masu taswirar suna da ƙa'ida mai tsauri a kai: a tabbatar mai bayanan ya ba da izinin da ya dace, a bayyana yadda za a yi aikin, a shawarci masu zane na ƙasar kafin a taɓa komai. Wasu na ganin wannan jan ƙafa ne. Mu muna ganin daidai ne, domin mun san abin da rajista ke zama in ba a bi ta suna bayan suna ba.

Dubi sunayenmu kawai. Bukkuyum ana samun ta a rubuce Bukuyum, a tsofaffin takardu ma Bukwium. Ɗaki Takwas kullum sai an cire masa ƙugiya. Tunga nawa ne, Sabon Gari nawa, Gidan wane nawa a waɗannan ƙananan hukumomi uku? Kwamfuta za ta ɗauki ƙauye ɗaya mai rubutu biyu ta mai da shi ƙauyuka biyu, ko ta haɗe biyu masu suna ɗaya. Ga kuma abin da ya fi ciwo: jerin da aka yi shekarun baya yana ɗauke da garuruwan da yanzu kufai ne, mutanensu suna gudun hijira a Anka ko Gummi, makarantarsu tana rufe. Wanda zai raba wannan da wancan shi ne wanda ya taɓa riƙe alli a wurin.

Haka batun laƙabi. A wannan taswira ba ya isa a zana gini, sai an liƙa masa bayanin ko mene ne. Ɗan sa-kai da ke zaune a Jamus yana kallon hoton tauraron ɗan Adam zai ga rufin kwano, ya zana shi da kyau, Allah ya saka masa. Amma ba zai san ko aji ne ko masallaci ko shagon magani ba. Ba zai bambance firamare da islamiyya da makarantar allo da ta 'ya'yan makiyaya ba. Zai ga layi ya kira shi hanya, alhali mu mun san da rani kaɗai ake binta, da damina sai kwalekwale. Ambaliyar da ta ci Gummi a daminar 2024 ta isa ta nuna mana darajar wannan bayani guda.

Za a ce, a ƙasar da aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe a 2021, wane mai hankali zai nuna wa duniya inda makarantu suke? Tambayar tana da nauyi, kuma iyayen da ke yin ta sun fi kowa haƙƙin yin ta. Amsarmu ita ce ɓarayin daji ba taswira suke bi ba. Sun san kowane lungu, suna da masu kai musu rahoto. Wanda bai san hanya ba shi ne jami'in da ke zaune a Gusau ko Abuja yana raba kujeru da littattafai, da direban motar asibiti, da malamar da aka turo jiya. Duk da haka dole a ja iyaka. Sunan makaranta, irinta, inda take, ko tana aiki, ko akwai ruwa, waɗannan su shiga. Ɗakunan kwanan ɗalibai, yawan 'yan mata, gidajen malamai, wurin da masu gadi ke tsayawa, waɗannan kada su shiga ko kaɗan. Inda mai gari da iyaye suka ce a dakata, a dakata.

Ba muna neman a ɗora wa kowa sabon kaya a kan albashin da bai kai ƙarshen wata ba. Aikin sa-kai ne, kuma ƙarami. Tun da aka ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a jihar nan a 2023, ana ta maganar gyaran makarantu, to in muka je neman haƙƙin makarantar da aka tsallake, gara mu je da taswirar da kowa zai iya buɗewa ya gani. Malaman labarin ƙasa su jagoranta. Akwai manhajoji irin su OsmAnd da Organic Maps da ke aiki ba tare da intanet ba, abin da ya dace da mutanen da suka ga an katse musu layukan waya a 2021. Wanda ba shi da babbar waya ya rubuta a takarda.

Shawararmu ga taron reshe mai zuwa ita ce kowane wakilin makaranta ya zo da sunan makarantarsa da na ƙauyuka biyar mafi kusa, a rubuce yadda mutanen wurin ke faɗa, da ƙugiyoyinsu, tare da bayanin hanyar da ake bi da damina.