Na'urar Wasa Mai Layin Waya: Me Za Ta Tsinana Wa Yaron Gayam?

Kwanakin baya wani ƙanena ya tambaye ni dalilin da ya sa na'urorin wasan gem na riƙewa a hannu ba su da gurbin sa layin waya. Burinsa shi ne ya saya wa ɗansa da ke zaune wajen kakanninsa a Gayam, cikin Ƙaramar Hukumar Birnin Gwari, irin wadda za ta riƙa sauko da wasanni kai tsaye ba sai an nemi kaset ba. Na ce masa amsar wannan tambaya ta fi ƙarfin masu ƙera na'urar su kaɗai.

Idan mai karatu bai manta ba, an taɓa gwada wannan dabara. A shekarar 2003 kamfanin Nokia ya fito da N-Gage, waya da na'urar wasa a haɗe, amma ba ta yi kasuwa ba. A watan Disamba na 2011 kuma Sony ya fito da PlayStation Vita a Japan, iri biyu: mai Wi-Fi kaɗai, da mai ɗaukar layin 3G. A Amurka ta farkon dala 249 ce, ta biyun dala 299, ban da kuɗin data da mai ita zai riƙa biya. Bugu da ƙari, an ƙayyade abin da za a iya saukewa ta layin a kan megabait 20 kacal, alhali manyan wasanni sun ninka haka sau da yawa. Da Sony ya sake fasalin na'urar a 2013 sai ya cire layin ɗungurungum. Nintendo kuwa bai sa layi a Switch ta 2017 ba, haka ma wadda ta gaje ta a 2025, domin kusan duk mai sayen na'urar yana da wayar da za ta raba masa data.

To, wannan fa a ƙasashen da sabis ba ya yankewa ke nan. Ina ga Gayam da sauran ƙauyukan da ke bakin dajin Birnin Gwari? A ƙarshen watan Satumba na 2021 gwamnatin Malam Nasir El-Rufa'i ta sa aka katse layukan sadarwa a wasu sassan Jihar Kaduna, har da Birnin Gwari, domin toshe hanyar 'yan bindiga da masu kai musu rahoto. Sai a ƙarshen Nuwamba aka maido. Ba ina ƙalubalantar dalilin tsaro ba ne, amma darasin a fili yake: na'urar da duk amfaninta ya rataya a kan turken sabis, ranar da turken ya yi shiru ta zama kwandon roba. Yaron da ke da kaset ko katin memori ya ci gaba da wasansa. Haka ma wanda ya saba zuwa wajen mai cajin waya a tura masa gem ta Xender.

Sannan ga tsada. A watan Janairu na 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanoni ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data. Manomin da ke lissafin kuɗin taki ba zai ɗauki nauyin layi na biyu domin wasan yaro ba. Alal haƙiƙa, na'urar wasan yaron karkara ita ce wayar yayansa.

Kada wani ya ɗauka zancen wasa ne kawai. Turken da zai sauko wa yaro da gem shi ne ɗalibi zai duba sakamakon JAMB da shi, jarrabawar da ta koma ta kwamfuta gaba ɗaya tun 2015. Da shi ne ɗan kasuwa ke karɓar tiransifa, kuma mun ga muhimmancin hakan lokacin ƙarancin takardun Naira a farkon 2023. Bayan sulhun da Gwamna Uba Sani ya jagoranta a Nuwamban 2024, har aka sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari, a ganina abin da ya kamata ya biyo baya shi ne kafa turakun sabis a ƙauyuka tare da tsare su.

Shawarata ga iyaye ita ce su zaɓi na'urar da ke aiki ko babu intanet. Matasanmu masu koyon rubuta manhaja a Kano da Zariya kuma su ƙirƙiro wasanni marasa nauyi, cikin harshen Hausa, waɗanda za a tura daga waya zuwa waya. Ƙanena dai ya saya wa ɗansa mai kaset, kuma ban ga laifinsa ba. Allah Ya zaunar mana da yankunanmu lafiya, amin.