Kada A Kashe Inji A Gangaren Mambilla



Duk wanda zai je Gembu daga Serti sai ya bi ta Mayo Selbe, daga nan hanya ta fara naɗewa a jikin dutse har ta kai saman tsaunin Mambilla a jihar Taraba. A kan wannan hanya ne ake samun Hawan Biyu da Sisi, sunan da ya girmi naira kanta, domin sai a 1973 aka daina kashe sule da sisi a ƙasar nan. Hanya ce mai ban sha'awa, amma gefe ɗaya dutse ne, ɗaya gefen kuma kwazazzabo.

Mutane sun fi jin tsoron hawa. A ganina, ga mai babur da ya ɗauki goyo, saukowa ta fi haɗari, musamman saboda wata ɗabi'a: kashe inji ko sa babur a firi don a tsimi mai.

Idan babur yana cikin ƙaramar giya, injin da kansa yana riƙe shi, birki taimako kawai yake yi. Da zarar an kashe inji an saki giya, nauyin babur da direba da goyo da kaya duk ya koma kan birki. Birkin da aka daɗe ana danna shi zafi yake yi, idan kuwa ya yi zafi kamunsa raguwa yake, daidai lokacin da kwana ta gaba ke jira. Malaman kimiyya sun koya mana cewa idan gudu ya ninka sau biyu, tazarar da ake bukata kafin a tsaya ninkawa take sau huɗu. Ga shi kuma a yawancin baburan haya fitilar gaba da inji take aiki. Wanda ya kashe inji cikin hazon Mambilla ya ɓoye kansa ke nan daga motar da ke tahowa.

Wani zai ce ai 'yan acaba sun san hanyar kamar tafin hannunsu, kuma man fetur ya yi tsada tun da aka cire tallafi a 2023. Gaskiya ne, neman halaliyarsu suke yi. Amma sanin hanya ba ya sanyaya birki, kuma man da za a tsima a gangara ɗaya bai kai kuɗin ɗorin ƙafa ba, balle rai.

A nan ne mu ɗalibai muke da abin yi. Goyo ba buhun masara ba ne, yana da baki. Kunya ce ke sa mu yi shiru don kada a ce yaro yana koya wa babba sana'arsa. To, magana cikin ladabi ba raini ba ce. Tun kafin ka hau ka ce, “Yaya, don Allah idan mun zo gangara a bar injin a kunne, a sa giya.” Idan ƙarin kuɗi ya nema, kuma kana da hali, ka ƙara. Idan ya ƙi, ka jira wani.

Kai ma da naka nauyin. Kada ka yarda a ɗora ku biyu ko uku. Ka nemi hular kwano, ka ɗaure igiyarta. Ka riƙe da kyau, ƙafafunka su zauna a kan mataki. A kwana ka bi kwanciyar direba, kada ka karkata wani gefen don tsoro, domin hakan ne ke fizge babur daga layinsa. Idan ruwa ya sauko ko hazo ya rufe, a tsaya a jira.

Muna roƙon malamanmu su riƙa tuna mana wannan a taron safe, musamman gab da hutu. Hausawa sun ce hanyar lafiya a bi ta da shekara. Allah Ya kai kowa gida lafiya, amin.