Bindigar Ƙusa Mai Aiki Da Iska: Abin Da Kafinta Zai Duba Kafin Ya Saya

Unguwar Shadawanka ta birnin Bauchi an fi saninta da barikin soja, mazaunin Birged ta 33 ta manyan bindigogi. To, amma bindigar da wannan fili zai yi magana a kanta a wannan mako ta kafintoci ce, watau na'urar nan mai harba ƙusa cikin katako da ƙarfin iska. Tun da Bauchi ta zama babban birnin jiha a shekarar 1976 gari yake ta faɗaɗa, gine-gine kuwa ba su tsaya ba, a Shadawanka da sauran unguwanni. Duk kafintan da ya ga yadda wannan na'ura ke dasa ƙusa cikin ƙiftawar ido, dole ransa ya biya. Sai dai tun da aka saki darajar Naira a watan Yunin 2023 kayan waje suka yi tsada ƙwarai, saboda haka idon kowa yana kan mai araha.

Tambayar farko ita ce ko aikin mutum ya kai ya sayi wannan na'ura. A Amurka, inda aka fi amfani da ita, galibin gidaje da katako ake tayar da su tun daga bango har rufi, gida guda kan ci ƙusoshi dubbai. A Bauchi kuwa bulo da siminti ne ke tayar da bango, katako ba ya shigowa sai wajen rufi, da allunan zuba kankare, da abin hawa na magina. Har ila yau ƙusar kwano mai hula ba ta shiga wannan bindiga, sai dai guduma. Ashe ke nan wanda rufi kan faɗo masa jefi-jefi, guduma ta ishe shi. Wanda zai ci moriyarta shi ne mai kwangilar da ba ta yankewa, kamar rufin makarantu ko jerin gidaje.

Abu na biyu shi ne ƙusa, a nan ne kuwa mai saye ya fi yin asara. Bindigar ba ta cin ƙusar awo da ake sayarwa a kasuwar Muda Lawal. Tata a jere take zuwa, an manne ta da roba ko waya ko takarda, kuma kowace bindiga da irin karkatar da jerenta yake da ita. Akwai mai digiri 21 wadda roba ke riƙe ƙusoshinta, da mai digiri 28 ta waya, da mai digiri 30 zuwa 34 ta takarda. Akwai kuma mai naɗi, wadda ke ɗaukar ƙusa 200 zuwa 300 a zubi guda. Ƙusar wannan ba ta shiga waccan. Don haka mai hankali ƙusa yake fara nema, ya tabbatar akwai inda zai riƙa samunta a Bauchi ko Jos ko Kano, sa'an nan ya sayi bindigar da ta dace da ita. Mai takarda tana da wata illa, domin da damina in jeren ya jiƙe sai ya warwatse.

Daɗin daɗawa, yawancin waɗannan bindigogi suna harba ƙusa daga inci 2 zuwa inci 3 da rabi ne kawai, watau milimita 50 zuwa 90. Kafintocin ƙasar nan kuwa sun saba haɗa manyan katakan rufi da ƙusa mai inci 4, wani lokaci har su lanƙwasa bakinta ta baya. Ke nan ko an sayi bindiga, manyan mahaɗai suna nan suna jiran guduma.

Abu na uku, bindigar ita kaɗai gangar jiki ce ba rai. Ranta shi ne injin matsa iska, wanda masu sana'a ke kira kwampiresa, tare da tiyo da mahaɗansa. Tana bukatar iska mai ƙarfin PSI 70 zuwa 120, kamar yadda agogon injin ke nunawa. Tanki mai lita 24 kan ɗauki bindiga guda, in biyu ne gara mai lita 50. Shi kuma injin wuta yake ci. Wutar Bauchi tana hannun kamfanin rarraba lantarki na Jos tun 2013, sabon gini kuwa sau da yawa ba a kai masa waya ba tukuna, sai janareta. Ƙaramin janareta ba ya iya tayar da kwampiresa, domin a lokacin tashi yakan ja wuta ninkin abin da yake ja in ya daidaita. Ga kuma kuɗin fetur, wanda ya hau tun da aka janye tallafi a watan Mayun 2023. Mai sayen na gwanjo ya duba jikin injin da kyau: wanda aka ƙera domin Amurka na wuta mai ƙarfin 120 ne, ta Nijeriya kuwa 230 ce, da an jona sai ya ƙone. Duk wannan lissafi sai an tara shi wuri guda kafin a san ainihin kuɗin bindiga.

Game da bindigar kanta, hanya biyu ce gaban mai ƙaramin ƙarfi. Ko dai sabuwa mai araha daga ƙasar Sin, ko kuwa ta gwanjo daga sanannun kamfanoni irin su Makita da Bostitch da Senco da Paslode, ko Hitachi wanda ya koma HiKOKI a 2018. Hausawa sun ce araha ba ta ado, amma ba kowace mai araha ce abin gudu ba. Ma'aunin shi ne kayan gyara. Abin da ke fara lalacewa shi ne zobban roba masu tare iska, da sandar ƙarfen da ke bugun ƙusa. In mai sayarwa ba ya da su, bai kuma san inda ake samu ba, ranar da zobe guda ya tsage ranar ce bindiga ta zama kayan bola. Kada a biya kuɗi sai an gwada. A zo da guntun katako mai tauri irin su maɗaci, a harba ƙusa ashirin, a saurara ko iska na tsiyaya, a ga ko ƙusa na maƙalewa, a kuma duba ko akwai abin daidaita zurfin da take shiga. A ɗaga ta sama da kai na ɗan lokaci, domin nauyinta kan kai kilo 4, kuma a kan rufi za a wuni da ita.

Abin da ya fi duka muhimmanci shi ne kunama. Iri biyu ce. Ɗaya sai an danna bakin bindiga a kan katako sa'an nan a ja ta, ƙusa guda ta fita. Ɗayar kuwa ana riƙe ta a jaye, duk abin da bakin ya taɓa sai ya sha ƙusa, ko katako ko ƙafar yaron shago. Hukumomin kula da lafiyar ma'aikata na Amurka sun bayyana a 2011 cewa bindigar ƙusa na kai mutane kimanin 37,000 asibiti a kowace shekara, kuma haɗarin mai kunama ta biyu ya ninka na ta farko. Wanda ke da almajirai a ƙarƙashinsa amana ce a wuyansa ya zaɓi ta farko, ya saya musu gilashin kare ido, ya hana su hawa tsani da yatsa a kan kunama, a kuma cire tiyo kafin a zaro ƙusar da ta maƙale.

Mutanen Bauchi ba su manta da guguwar watan Yunin 2018 ba, wadda ta yaye rufin gidaje masu yawa, har aka yi asarar rayuka. Mai guduma yana ji a hannunsa in ƙusa ta kauce wa katakon ƙasa, mai bindiga kuwa ba ya ji, sai ya duba da ido. In iska ta yi yawa ƙusa kan nutse ta rage ƙarfin kamu, in ta yi kaɗan ta tsaya a rabi. Sauri ya haifi nawa. Kuma komai yawan ƙusa, ba ta maye gurbin ƙarfen da ake ɗaure katakon rufi da bango.

Wanda ya saya ya riƙa ɗiga mata man da aka yi dominta ta ƙofar iska kowace safiya, ya zubar da ruwan da ke taruwa a tankin kwampiresa kowace yamma, ya kuma rufe ta daga ƙurar hunturu. Waɗanda ƙarfinsu bai kai ba suna iya haɗa kai su uku ko huɗu su sayi injin tare, kowa da tasa bindiga. Allah ya ba masu sana'a sa'a, ya kiyaye su daga tsautsayi, amin.