Kafin Ka Ɗaure Kaya, Ɗauki Biro da Takarda

Makon jiya wani ƙanena ya kira ni daga Kano, muryarsa cike da murna. Wani kamfani ya ba shi aiki a nan Madina, har ya juya albashin zuwa naira, ya ce: "Yaya, ai talauci ya ƙare." Na ce masa Allah ya sanya alheri, amma ya zauna mu yi lissafi tukuna. Ba mu ƙare ba sai da muryar ta yi sanyi.

Ra'ayina shi ne, kuskuren da ya fi kayar da 'yan'uwanmu masu zuwa Saudiyya shi ne auna albashi da kuɗin gida. Da riyal za ka karɓa, da riyal kuma za ka kashe. Abin da ya rage bayan haya, wuta da cefane, shi ne naka.

Mu fara da haya. A nan Harra ta Gabas, inda Hausawa suka daɗe da zama, haya ta fi ta kusa da Harami sauƙi, amma masu gidaje da yawa kuɗin wata shida ko na shekara suke so a dunƙule, a kuma rubuta yarjejeniyar a manhajar Ejar. Gidan kuma sau da yawa babu komai a ciki. Katifa, firji, murhun gas da na'urar sanyaya ɗaki duk daga aljihunka ne, kuma na'urar nan ba kayan alatu ba ce a garin da zafin bazara ke wuce digiri 40. Tun watan Janairun 2018 da aka ƙara kuɗin wuta, takardar watan Yuli ba ta kama da ta Janairu.

Sai haraji. An fara karɓar harajin kayan saye kashi 5 cikin ɗari a 2018, aka mayar da shi kashi 15 a Yulin 2020. Wanda ya zauna a nan kafin lokacin, ya koma gida yana ba ka labarin arha, gaskiya ya faɗa, sai dai gaskiyar ta tsufa.

Babban abin da ba a gaya wa mutane shi ne kuɗin iyali. Ma'aikacin kamfani mai zaman kansa yana biya wa kowane mutum da ke ƙarƙashin iƙamarsa. A Yulin 2017 riyal 100 ne a wata, ya yi ta hawa har ya kai 400 a 2020. Ƙanena yana da mata da 'ya'ya uku. Riyal 1,600 ke nan duk wata, 19,200 a shekara, tun ba a sayi ko buhun shinkafa ba. Ga bizar fita da dawowa, riyal 200 kowane mutum na wata biyu, ga tikitin jirgi. Dokar ƙwadago ta ɗora wa mai kamfani kuɗin iƙamar ma'aikaci da takardar izinin aikinsa, to kada ka yarda a zare su daga albashinka. Ka kuma tambaya a rubuce: akwai kuɗin gida da na mota a kwantiragin, ko duk an cusa su cikin adadi ɗaya?

Na san wani zai ce, haba, garin Manzon Allah (SAW) za a zo ana ƙirga kwabo? Albarkar Madina gaskiya ce, ni shaida ce. Amma a asibiti nake aiki, ina ganin magidanta masu hawan jini da suka daina sayen magani saboda bashin haya. Tawakkali bai hana a ɗaure raƙumi ba.

Shawarata uku ce. Ka zo da guzurin da zai riƙe ka wata uku ko da albashi ya makara. Ka zo kai kaɗai, ka yi shekara guda, ka ga bazara da hunturu, ka ga yadda kaya ke tashi da azumi da lokacin Hajji, kafin ka ɗauko iyali. Sannan ka yanka adadin da za ka riƙa turawa gida, ka faɗa musu shi tun farko.

Ku kuma iyayenmu da 'yan'uwa na gida, don Allah ku yi mana uzuri. Faɗuwar naira tun 2023 ta sa riyal ɗari ya zama kamar dukiya a idonku, mu kuwa a nan cefanen 'yan kwanaki ne. In ɗanku ya ce babu, kada ku ce Makka ta canza shi.

Ƙanena dai ya yanke shawarar zuwa shi kaɗai. Na ce masa ɗakin baƙi na nan, har ya tsaya da ƙafarsa.